Akushin da Ba a Wankewa

Anti Ra'isa ta kusa gama wanke akushin lokacin da na shigo tsakar gidan da itace a kafaɗa. Ta durƙusa a bakin rijiya, ta naɗe hannun riga, tururin ruwan zafi yana tashi ta gaban fuskarta. Kumfar sabulu ta malala cikin taɓo, kajin gidan suna ta tsattsagar busasshen ƙullun da ta kankare da wuƙa.

Na sauke itacen a hankali. Ni ba mai saurin magana ba ne, kuma ko da na yi sauri, aikin ya riga ya wuce.

"Zo ka ga ƙazanta, Zahar," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Fumfuna ce kore shar a gefe guda. A cikin wannan Mama take cin abinci, kuma a ce ba za ta kwanta ba?"

Na ce mata ai ba a wanke shi.

Ta tsaya da soso a hannu tana kallona. Na ga lokacin da abin ya dawo mata. A gidan nan aka haife ta, a gindin murhun nan ta yi rarrafe, ta san abin da na sani. Shekarun da ta yi a birni tana ɗinki a masaƙa ne suka rufe mata shi, sai kuma maganar nas da ta ce a tsabtace komai. Ta kalli cikin akushin. Katakon ya fito fari tas kamar yau aka sassaƙa shi.

Akushin kwaɓin Baba Ustinya ya girme ni, ya girmi 'yarta Anti Ra'isa. Da shi ta zo ƙauyenmu Lipki ranar aurenta, daga gidan uwarta a hayin kogi, da ƙullu manne a jikinsa. In ta gama kwaɓi ba ta taɓa sa masa ruwa, sai ta bar abin da ya manne ya bushe, ta rufe da ƙyalle. Ranar da za ta sake gashi ta zuba ruwan ɗumi da garin baƙar alkama, ta lulluɓe da tsohuwar rigar fatar tunkiya, ta ɗora a kan ginannen murhun da ke ɗumama ɗakin. Wancan busasshen ƙullun shi ke farkawa ya tayar da sabon. Shi muke kira uwar tsami. Yanzu uwar tana cikin cikin kaji.

"Kada ka gaya mata," in ji Anti Ra'isa.

Baba Ustinya tana kwance a gadon da muka jawo kusa da murhu tun da ƙafafunta suka kumbura. Maƙwabciyata ce, katangar katako ce kawai tsakaninmu, ita ma rabinta ya faɗi. Tun da mahaifiyata ta rasu nake zaune ni kaɗai, in tafi wurin tsaga katako a ƙauyen gaba da safe, in dawo da yamma. Ni ke faskara mata itace da ɗibar ruwa, ita kuma duk ranar gashi sai in tarar da rabin burodi a bakin tagata, an naɗe da tawul. Ba mu taɓa zama mun ce ga naka ga nawa ba. Haka dai abin ya tafi.

Abu biyu take kula da su kamar 'ya'ya. Ɗaya akushin nan. Ɗayan kuwa babbar kwalba ce a kan taga, an ɗaure bakinta da ƙyalle mai shara-shara, cike da shayi mai sukari, a samansa uwar shayi tana iyo, faffaɗa, mai santsi, launin ƙasa-ƙasa. Ita ke mayar da shayin ya yi tsami ya riƙa tsuke harshe. Kawu Kuzma, tsohon da ke gidan ƙarshe wajen rafi, yana kiran abin angon 'Yar Foma, don da sunan ubanta yake kiran Baba Ustinya. Yakan ce tun da mijinta Yefim ya mutu ta yi sabon aure a cikin kwalba, tana ba ango sukari da cokali, shi kuwa in ya zo ziyara sai ta ɓoye gwangwanin sukarin. Ita kuma takan ce angon ya fi shi amfani, don bai taɓa zuwa aron gatari ya mayar da shi ba ƙota ba. Duk da haka Kawu Kuzma ba ya fita gidan sai ya sha kofi biyu.

Tun kafin 'yarta ta iso ta riga ta gaya mini abin da take so. A wajenmu in mutum ya mutu ana ajiye kofin ruwa a gaban hotonsa, a rufe bakin kofin da yankan baƙin burodi, a bar shi kwana arba'in, don rai yana nan yana zagaya gida bai tafi ba tukuna. Na Yefim daga akushinta ya fito. Na uwarta ma haka.

"Kwana arba'in zan yi ina shawagi a ɗakin nan," ta ce da ni. "Kada ku ɗora mini audugar nan ta motar shago da suke kira burodi. In na zo na tarar da ita, gidanka zan wuce in zauna maka a kan ƙirji."

Dariya na yi a lokacin.

Motar shago mai kawo kayan sayarwa tana zuwa Lipki ranar Talata in hanya ta yarda. Anti Ra'isa ta sayo baƙin burodi guda, ta yayyafa masa ruwa, ta tura shi cikin murhu ya yi zafi, ta yanka ta kai wa uwarta a faranti. Ina tsaye a bakin ƙofa ina cire takalmi. Baba Ustinya ta ɗauki yankan ta kai hanci. Ta gutsura kaɗan, ta daɗe tana juya shi a baki, sannan ta ajiye ta ce ta ƙoshi, Allah ya yi albarka. Anti Ra'isa ta fita wajen kaji da sauri.

Tsohuwar ta yafito ni da yatsa.

"Ta wanke, ko?"

Na ce eh.

Ta rufe ido. Na ɗauka faɗa za ta yi, ko kuka, amma sai ta ce tun shekaranjiya ta sani, don ɗakin ya daina wari irin nasa. Ta ce kada in bari yarinyar ta san ta gane, ita dama tun tana ƙarama in ta ji tsoro sai ta kama wanke-wanke. Yarinyar da take faɗa furfura ta fara fito mata.

Sai ta shiga lissafa mini gidaje. Duk matar da aka kawo Lipki a zamaninta, ko wadda tsaminta ya lalace, wurinta take zuwa da ƙaramin kwano ta ɗebi uwa. Ba a sayarwa, ba a hanawa. Ta ce tsaminta yana nan a rabin ƙauyen, in je in karɓo mata abinta.

Washegari ban je aiki ba, na bi layin gida-gida. Na san abin da zan tarar, amma na bi. Gidan su Agafya an buga katakai a tagogi, ciyawa ta kai ƙugu a bakin ƙofa. Gidan malamar makaranta rufin ya rufta cikin ɗakin girki. Na gaba mutanen birni ne suka saya, suna zuwa da rani su gasa nama su tafi, an rataya kwaɗo kamar kan jariri. A inda na sami mutum, wata tsohuwa ce da ba ta ji sosai, na yi ta ɗaga murya har ta gane, sannan ta nuna mini akushinta a bakin taga, ta cika shi da ƙasa ta shuka albasa. Ta ce hannuwanta sun daina kwaɓi tun tuni, mota tana kawowa, me za ta wahala. Ta tambaye ni ko Ustinya tana nan da rai. Gida biyar ne tsakaninsu.

Ruwa yana ta yayyafi, taɓo yana kama mini takalmi. Na tsaya a tsakiyar hanya na ƙirga bututun da ke fitar da hayaƙi, ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Kawu Kuzma na tarar yana gyaran tarkon kifi a rumfarsa. Da na faɗa masa, ya ce ai ga amfanin 'ya'yan birni nan, wata rana za su wanke mu mu ma su shanya. Ya tauna gashin baki. Can ya miƙe ya shiga cikin tarkace, ya ture tsohuwar taya da ragar kifi, ya jawo wani ƙaramin akushi cike da ƙusoshi masu tsatsa. Na matarsa Matrona ne. Tun da ta mutu bai taɓa shi da ruwa ba, ba don al'ada ba, in ji shi, don lalaci. Muka juye ƙusoshin a ƙasa. A can gindi, inda katako ya haɗu da katako, akwai wani siririn layi na busasshen ƙullu, ya yi tauri kamar dutse.

Da bakin wuƙarsa ya kankaro shi, a hankali, a kan takardar jarida. Duka bai cika tafin hannu ba.

"Ka ce wa 'Yar Foma Matrona ta dawo da kwanonta," ya ce. Bai kalle ni ba, ya koma kan tarkonsa.

A gaban Anti Ra'isa na zuba ɓarɓashin a cikin farin akushin. Ba ta tambaye ni daga ina ba, ni ma ban ce uwarta ce ta aike ni ba. Ta kawo ruwan ɗumi, na zuba gari, muka lulluɓe da rigar fata muka ɗora a kan murhu. Daga gado Baba Ustinya tana kallon silin kamar ba ta san abin da ake yi ba.

Ba abin da ya motsa. Kullum kafin in tafi aiki sai in ɗaga rigar in leƙa, in na dawo in sake leƙawa. Ƙullun yana nan kwance kamar laka, ruwa ya taru a samansa. Muka ƙara gari, muka matsar da shi inda ya fi ɗumi. Shiru. Ita kuwa tsohuwar tana ta raguwa. Ta daina cin komai sai shayin kwalbarta da ake ɗiga mata da cokali. Nas ta zo a kan babur ta duba ta, ta ja Anti Ra'isa waje suka yi magana ƙasa-ƙasa, da ta dawo ta kama goge teburin da ta riga ta goge.

Ran nan da yamma na ɗaga rigar na mayar, sai muryar Baba Ustinya ta fito daga bayan murhu, siririya.

"Ku biyu kun ishe ni da sanɗa. Ra'isa, kawo shi nan."

Anti Ra'isa ta tsaya cak. Ta ɗauko akushin ta ajiye a bakin gadon, ta durƙusa, ta buɗe baki za ta yi magana. Uwar ta ɗora mata hannu a ka ta ce ta bari, katako ne, ya sha wanka sau ɗaya a rayuwarsa, ba zai mutu ba. Ta sunkuya ta shinshina ƙullun. Ta ce barci yake yi, ya daɗe cikin ƙusa, yana son wanda ya sani ya tashe shi. Ta ce a ɗebo masa daga kwalba.

Na ce shayi a cikin ƙullu?

Ta ce shekara nawa suka yi a ɗaki ɗaya suna shaƙar numfashin juna, in bai ji muryar ango ba muryar wa zai ji. Anti Ra'isa ta yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki. Ta kwance ƙyallen bakin kwalbar, ta karkata ta a hankali don kada uwar shayin ta kife, ta tsiyayo rabin kofi. Muka zuba, ta juya da hannunta.

Ban sani ba ko shayin ne, ko ƙullun Matrona ne lokacinsa ya yi, ko duka biyun. Ni dai da na shigo da safe bayan kwana biyu, tun daga zaure na ji warin. Na ɗaga rigar, ga ƙananan idanu sun fito ko'ina a saman ƙullun, wani ya fashe wani ya taso. In ka kasa kunne har wani ɗan ƙara yake yi, kamar ƙanƙara tana narkewa a kan rufi.

Ranar ma ban je aiki ba. Na hura murhu da itacen da ya fi bushewa. Anti Ra'isa ta ɗaure kai ta hau kwaɓi, tana cewa ta manta, ba ta iya ba, amma hannuwanta ba su manta ba, suna jiƙa kansu a ruwa suna shafe ƙullun kamar jiya ta bari. Daga gado ake ba da umarni da kyar, kalma ɗaya sai hutu. Gishiri. Ya isa. Kada a ƙara gari, ba bulo ake yi ba. Kawu Kuzma ya zo, wai ya ga hayaƙi ya yi yawa ya zaci gobara ce, ya zauna a benci ya cire hula.

Da aka mulmula burodin, babba guda ɗaya, aka ɗora shi a kan ganyen kabeji, Baba Ustinya ta ce a kawo mata. Muka riƙe mata shi a kan allo a saitin ƙirji. Ta so ta zana gicciye a samansa da gefen hannu kamar yadda ta saba, hannun bai ɗagu ba. Sai ta sa babban yatsa ta danna tsakiya, ya lotsa.

"To," ta ce. "Ya san ni."

Aka gutsuri ƙullu kamar goro aka jefa a kofin ruwa, muka zauna jiran ya taso, alamar burodin ya isa shiga wuta. Da ya taso na kwashe garwashin gefe, na watsa gari a ƙasan murhun, ya yi ja bai ƙone ba. Anti Ra'isa ta tura burodin ciki na rufe da marfin ƙarfe.

In burodi yana wuta ba a buga ƙofa, ba a shara, ba a ɗaga murya, in ba haka ba sai ya faɗi. Kowa a Lipki da haka ya tashi. Baba Ustinya kuwa ta fi kowa tsanani, ko tari ka yi sai ta harare ka. Saboda haka muka zauna shiru mu uku, ni a kan kututture, Kawu Kuzma a benci yana juya hularsa, Anti Ra'isa a gindin murhu ta haɗa hannuwa a cinya, gari har gwiwar hannu. Rana ta karkato ta taga ta ratsa kwalbar shayin, hasken ya zubo a kan tebur ja-ja. Ƙamshin ya fara fitowa, ya cika ɗakin, ya shiga cikin labule da bargo. Sau ɗaya na ji gadon ya ɗan yi ƙara, na ji ta ja numfashi mai tsawo ta hanci, irin na mai shinshina abinci. Na yi niyyar leƙawa, na tuna katakon da ke gaban gadon yana kuka in an taka shi, sai na zauna. Anti Ra'isa ma ta waiga, ta dube ni, ta ɗora yatsa a leɓe. Muna jin daɗin yadda tsohuwar ta yi shiru, mun ɗauka ita ma burodin take tsarewa.

Da lokaci ya yi Anti Ra'isa ta fito da shi, ta ƙwanƙwasa gindinsa ya amsa, ta shafa masa ruwa ta naɗe a tawul. Ya tsage ta gefe guda, bai kai na da kyau ba, amma ya tashi. Ta ɗauke shi da zafinsa ta zagaya bayan murhu tana cewa, "Mama, ga shi."

Ashe Baba Ustinya ta riga ta cika. Kawu Kuzma ya miƙe, ya je ya tsayar da agogon bango, ya cire tawul daga ƙusa ya rufe madubi, yadda ake yi a wajenmu in an yi mutuwa.

Mun binne ta kusa da Yefim, ranar da ƙanƙarar farko ta sauka. Mutanen da suka zo ba su cika tebur ɗaya ba. Burodin aka yanka musu, sai dai tun kafin kowa ya taɓa Anti Ra'isa ta fitar da yankan tsakiya, wanda ke da lotsawar yatsa a ɓawonsa, ta cika kofi da ruwa ta ajiye a gaban hoton uwarta, ta ɗora shi a kai.

Ba ta iya zama har arba'in ba, wurin aiki suna ta kira. Da safen da za ta tafi ta wanke hannu, ta raba uwar shayin biyu, ta ɓare ta kamar yadda ake ɓare shafi daga shafi, ta sa rabi a ƙaramar kwalba. Ta miƙa mini mabuɗin gidan. Akushin kuma ta ɗauko da kanta ta kawo har ɗakina, ƙullu manne a jikinsa ya fara bushewa. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce in fumfuna ta fito in kankare wurin kawai. Na ce na sani. Na raka ta bakin hanya, ta shiga mota ta zauna da kwalbar a cinya, ta riƙe ta da hannu biyu saboda gargada.

Yanzu kowace safiya kafin in tafi aiki sai in tsallaka ta inda katangar ta faɗi, in buɗe gidan in hura wuta kaɗan, don uwar shayi ba ta son sanyi. Sawuna ne kawai a kan ƙanƙarar, na jiya da na yau. In shayin ya ja baya in dafa sabo in bari ya huce in ƙara mata. Ranar Asabar na yi gashina na farko ni kaɗai, ya fito da nauyi kamar bulo, na kai wa Kawu Kuzma rabi, ya ce zai yi amfani da shi wajen danne tarko, ya karɓa.

Ruwan kofin yana raguwa kaɗan-kaɗan. Yankan burodin ya bushe, gefunansa sun lanƙwaso sama, amma wurin yatsan yana nan. In na gama sai in ɗan zauna a benci har ɗakin ya yi ɗumi, sannan in ja ƙofar a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba.